Abin da aka tattaro game da sunan Ishaku

An daɗe ana tafka muhawara kan wannan suna, ga dai inda maganganu suka tsaya.

1. Babu saɓani cewa asalinsa Ibrananci ne, Yitzhak, daga saiwa mai baƙaƙe uku da ke nufin dariya. Harafin "yi" na farko shi ke ba da ma'anar "yana dariya" ko "zai yi dariya".

2. Hujjar tana cikin Farawa, littafin farko na Baibul. Ibrahim ya yi dariya da aka yi masa albishir da haihuwar Ishaku (17:17), Saratu ma ta yi (18:12), shi yana da shekara 100 lokacin haihuwar, ita kuwa 90. Wasu sun kawo Suratu Hudu aya ta 71, inda matar Annabi Ibrahim ta yi dariya, kuma kalmar Larabcin 'yar'uwar ta Ibranancin ce.

3. Inda aka rabu shi ne wa ke dariyar. Yawanci sun ce iyayen. Kaɗan sun ce an gutsure sunan ne daga Yitzhak-El, wato "Allah ya yi murmushi", irin ginin sunan Isma'ila, wanda shi ma ya ƙare da "El", wato Allah. Hasashe ne mai kyau, sai dai cikakken sunan bai zo a nassi ba.

4. An yi watsi da danganta shi da kalmar Larabci mai nufin niƙa. Malaman nahawun Larabci baƙon suna suka ɗauke shi.

Sai batun rubutu: Bahaushe na karanta "sh" a haɗe, don haka mai son lafazin Larabci ya rubuta Is'haƙ. Isiyaku da Isyaku duk shi ne.