Tsibiran Farasan: bakin ruwan da babu jama'a, da abin da ake riƙewa

Abu Maryam, Jidda: Salamu alaikum. 'Yan uwa da suka san Farasan, tsibiran nan na Bahar Maliya a kudancin Saudiyya, a taimaka mana: yaya ake tsallakawa, ina ne babu cunkoso, me mutum zai tanada in yana son leƙa kifi da gilashin ruwa?

Malam Na-Jizan: Wa alaikumus salam. Abbara, wato jirgin fito, daga tashar ruwa ta birnin Jizan take tashi, safe da yamma, kuma kyauta ce, kai da motarka. Tafiyar awa ɗaya da 'yan kai. Kujerar mutum ba ta wuya, gurbin mota ne aiki, musamman Alhamis da lokacin hutun makaranta. Yi hajzi, wato kama gurbi, da wuri, na zuwa da na dawowa tare, ka riƙe iƙama (katin zama) da istimara (takardar rajistar mota). In iska ta tashi ana soke tafiya, don haka kar ka ɗaura dawowarka a daren da za ka wayi gari a wurin aiki. Ka cika tanki a cikin gari kafin ka haye gadar zuwa tsibirin Sajid, can ne mutane suke ƙaranci.

Baban Sadiƙ: Ƙari kan na Malam. Tsibiran da babu kowa sai da fuluka, wato kwale-kwale. Ka nemi mai kwale-kwalen da ke da izinin Haras Hudud, wato jami'an tsaron iyaka, ku yanke lokacin ɗauka tun kafin ya sauke ku, domin sabis ɗin waya yankewa yake. Lambar Haras Hudud 994. Ruwan sha lita huɗu zuwa biyar kowane mutum a yini. Inuwa kuwa, wadda ka ɗauko ita ce taka.

Hajiya Ummu Khalil: Ɗana Abu Maryam, gilashin nan ake gwadawa tun a shago. Ɗora shi a fuska ba tare da igiyar ba, ja numfashi ta hanci. In ya manne, naka ne. Matse igiya ba ya hana yoyo, sai ma ya lanƙwasa robar. Masu gashin baki su shafa ɗan basilin. Sabon gilashi yana yin hazo saboda maiƙon masana'anta, a goge cikinsa da farin man goge baki sau biyu ko uku. Mata, abaya a ruwa haɗari ce, nauyi take yi ta naɗe ƙafa. Riga da wando na ninƙaya masu rufe jiki sun wadatar, suna ma kare baya daga rana.

Baban Sadiƙ: Gaskiya ne, Hajiya. Kuma kar a shiga ba takalmin roba mai kaurin ƙasa. Bushiyar ruwa tana cikin ramukan murjani, ƙayarta karyewa take a cikin nama. Wanda ya fi ta sharri shi ne kifin dutse: yana kwance a ruwa iya gwiwa, ba ka bambanta shi da dutse mai gansakuka. In ya soki mutum, a tsoma ƙafar a ruwan zafi kamar digiri 45, wanda hannu zai iya jurewa, minti 30 zuwa sama, domin zafi yana rage ƙarfin dafin, sannan a wuce asibiti ba jira. Shi ya sa filas ɗin shayi yake da amfani biyu. A kan yashi a riƙa jan ƙafa, kifin nan mai faɗi mai ƙaya a wutsiya zai ji motsi ya gudu.

Malam Na-Jizan: Nuwamba zuwa Maris ya fi daɗi, kuma a shiga da sassafe kafin iska ta dama ruwan. Kar a sa ran garau irin na Yanbu ko Umluj da ke can arewa, ruwan kudu ya fi duhu. A fara iyo ana fuskantar inda ruwa ke turowa, don dawowa ta zo da sauƙi lokacin da aka gaji. Mashigar da ke tsakanin tsibiri biyu a bar ta, in teku ta fara janyewa ja take kamar kogi. Mutum biyu a ruwa, ɗaya a tudu yana kallo, wanda iyonsa bai nuna ba ya sa rigar ceto.

Abu Maryam, Jidda: Allah ya saka da alheri. Malam, za mu iya kwana da tanti a can?

Malam Na-Jizan: A babban tsibirin ana yi. Amma wurin gandun kiyaye halittu ne, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerinta na irin waɗannan gandaye a 2021, akwai sassan da aka hana shiga, sai ka tambaya tukuna. Kafa tantin sama da layin ciyawar da ruwa ya watso, nesa da itatuwan shora, masu tsirowa a ruwan bakin teku, saboda sauro.