Jaka 640 ce a asusu: walimar ƙarshen shekara za mu yi, ko tubalin sabon aji za mu aza?

Ma'ajin Iyaye, Garwa: Assalamu alaikum jama'a. Ni ke riƙe da kuɗin ƙungiyar iyaye a wata 'yar makarantar faranko-arab (mai koyar da Faransanci da Larabci) ta unguwarmu a nan Garwa ta Kamaru. Shekara shida ke nan da muka buɗe ta da yara 41 a zauren wani bawan Allah, yau suna 287, kuma bana ne 'yan farin namu suka kai CM2, aji shida, suka zauna CEP, jarrabawar gama firamare. Abin da ya rage a hannuna jaka 640, wato sefa dubu 640. Darakta yana so a yi walima sosai ranar raba sakamako: rumfa, kujeru, lasifika, shinkafa, kyaututtuka, a gayyato masu unguwa, lawan da jauro, unguwa ta ga abin da muka yi. Ni kuwa ajin SIL, wato aji ɗaya, shi ne ke hana ni barci. Yara 83 a ɗaki ɗaya, biyar-biyar a benci, saura a tabarma. A zafin Afrilu wata yarinya ta suma, da butar alwalar malam aka farfaɗo da ita. Ga sunaye 56 an riga an kawo na sababbin shiga a Satumba. Akwai fili a bayan makaranta, wani Alhaji ya ce mu gina, amma da baki ya faɗa. Asabar za mu zauna. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya gaya mini: kuɗin nan za su kai gini ko zuwa linta a cikin damina? In aka fasa walimar, iyaye ba za su ja baya ba?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Ma sha Allah, Allah Ya ba yaran sa'a. Mu bara atamfa iri ɗaya muka fitar wa iyaye mata, abin ya yi kyau ƙwarai. In kuna so zan haɗa ku da mai kawowa.

Ɗan Kasuwar Pitowa: Ku sayi ragon tun ranar Lahadi a nan, ya fi sauƙi a kan na cikin gari.

Tsohon Malami, Gider: Malam Ma'aji, shekara 31 na yi da alli a hannu. Kada ka raina walima. Yaron da aka kira sunansa a gaban ubansa aka miƙa masa littafi da biro, ba ya mantawa har ya yi furfura. Amma ba ta bukatar rago. Ƙosai, zoɓo, littattafai, yara su yi karatun Alƙur'ani da ɗan wasan kwaikwayo, jaka 90 ta ishe ku. Abin da ba ka faɗa ba shi ne albashin malaman da iyaye ke biya. Yuli da Agusta me za su ci?

Gwaggon Yara, Marwa: Ɗana, duk na karanta, amma a wuri ɗaya idona ya tsaya, inda ka ce "da baki ya faɗa". Don girman Allah kada ku sa ko bulo ɗaya a filin nan. Mu abin da ya ci mu ke nan. Namu Alhajin mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa, a gaban liman ya ɗaga hannu ya ce na ba Allah wannan fili. Muka ce wa zai tambayi dattijo takarda, ai rashin kunya ne. Mu mata muka yi adashi shekara biyu. Ni da kaina na yi ta ɗauko yashi daga mayo, wato rafi, a kwano da rani, har gashin tsakiyar kaina ya zube. Aji biyu muka tayar, muka yi rufin kwano, muka shafa farar ƙasa. Shekara uku yara na karatu a ciki. Da Alhaji ya rasu aka zo rabon gado, filin ya faɗa a kason ɗansa da ke zaune a Duwala, wanda bai taɓa taka makarantar ba. Liman ya riga Alhaji rasuwa. Sauran shaidun kowa ya sunkuyar da kai, don suna cin arziki da gidan. Wata Litinin yara suka zo da allunansu suka tarar da kwaɗo a ƙofa. An fito da bencina an jibge a gindin dogon yaro, ruwan daren ya jiƙe su, babban allon ma yana jingine da rubutun ranar Juma'a a jikinsa bai goge ba. 'Yata tana CE2, aji huɗu, a lokacin, ita ke zuwa ta ɗaya. Makarantar gwamnati ta yi mata nisa, sai an tsallaka mayo, ubanta ya ce ta zauna tukuna. Zaman da ta yi ke nan. Yanzu wurin shagunan haya ne, ta gabansu nake wucewa in zan je kasuwa.

Maman Biyu: Innalillahi. Gwaggo kin sa ni hawaye wallahi.

Abu Fatima: Wannan ai zalunci ne. Abin da aka yi wakafi ba ya shiga gado, ba a sayarwa, ba a kyautarwa. Me ya sa ba ku je wurin alƙalin fada ba?

Gwaggon Yara, Marwa: Mun je, Malam. Sawu nawa. Tambaya ɗaya ake mana, ina rubutu, ina shaidu. Wanda ya saya kuma ya riga ya fara neman takardar mallaka ta gwamnati, kuɗi gare shi. Mu da kuɗin babur ma sai mun yi karo-karo.

Ɗan Kasuwar Pitowa: Amma Gwaggo ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai 'ya'yan da ke ƙara wa abin da iyayensu suka bari.

Gwaggon Yara, Marwa: Haka muka ce mu ma.

Ma'ajin Iyaye, Garwa: Gwaggo, Allah Ya saka miki, na ji wannan har cikin raina. Namu yana da rai da lafiya, zan nemi dattawa biyu mu same shi. To a ce ya sa hannu, maganar kuɗin fa? Akwai magini a nan?

Magini Na Yelwa: Ga ni. Aji irin wanda ake so, mita 9 a kan 7, da siminti da ƙarfe da rufi da ƙofa da tagogi, kada wani ya ruɗe ka, miliyan uku ma sai an matse. Da jaka 640 za ka yi tushe ka buga bulo, ƙila ka ɗaga layi biyar ko shida. Siminti jaka 6 da rabi na saya makon jiya. Kuma yashin Binuwai yanzu ne lokacinsa, da kogi ya cika a Agusta motar yashi sai ta kusa ninkawa.

Alhaji Mai Kwano: Wane shago ne wannan? Jaka 7 da ɗari biyu nake sayarwa kuma ribar ba ta kai kuɗin shayi ba.

Direban Figil: Ku biyun duk an cuce ku ko kuna cutar mutane, lol. A bakin masana'antar siminti ta Figil nake kwana. In za ku ɗauki buhu 100 a tare zan samo muku ƙasa da jaka 6, ku biya mai kawai.

Magini Na Yelwa: Da ka ƙara kuɗin mai da 'yan dako da abin da ake bari a hanya, ka dawo inda nake.

Ummu Sadiya, Injamena: Ku gode wa Allah. Mu nan buhu riyal dubu biyu ne.

Ɗan Autan Zaure: Dubu biyu? Hajiya turo mana tirela goma yau ɗin nan, har benen sama za mu yi wa 'yan SIL!

Ummu Sadiya, Injamena: Kai yaro, riyal na ce. Riyal ɗaya dalarku ce, sefa biyar. Jaka 10 ke nan. Ka koma CM2 ɗin a koya maka lissafi. Ma'aji, mu da makarantarmu ta cika rumfar zana muka yi, ginshiƙan ƙarfe da kwano a sama, zana a gefe. Ta fi ɗakin siminti iska ma. In abu ya ɓaci kuma kwance kayanka kake yi ka tafi da su.

Tsohon Malami, Gider: Wannan ita ce magana mai hankali tun da aka fara.

Alhaji Mai Kwano: Rumfa? Iskar farkon damina ɗaya za ta kai ta Najeriya. Kuma da sufeto ya zo ya ga yara a zana me zai rubuta? Ni dai a ganina waɗanda ba su da ɗa a makarantar, ba su ma a ƙasar, su bar masu abu su yi shawara.

Ummu Sadiya, Injamena: Alhaji, shi ya fito ya tambayi kowa. Kuma a Garwa aka binne cibiyata. Wanda ke da kwano da siminti na sayarwa shi ya kamata ya yi shiru a maganar gini.

Alhaji Mai Kwano: Subhanallah. Ni da na ba masallatai uku rufi kyauta?

Abu Fatima: A yi haƙuri don Allah. Amma gaskiya a irin wannan, maganar wanda ya koyar da wanda ya gina ita ce gaba.

Maman Biyu: Mu iyaye mata fa? Mu ke biyan rabin kuɗin nan daga tuyar ƙosai, amma ranar taro bayan taga ake ajiye mu. Ma'aji, ranar Asabar ɗin mata nawa za su zauna a ciki?

Ma'ajin Iyaye, Garwa: Biyu ne cikin tara, Hajiya. Kin yi gaskiya.

Ɗan Autan Zaure: Ni dai duk abin da za a yanke, kada a taɓa shinkafar. Na riga na wanke babbar rigata.

Inna Ta Kusiri: Kuna ta siminti da shinkafa. Ma'aji, ka ce 'yan CM2 sun zauna CEP. Su nawa ne a ajin, su nawa suka zauna?

Ma'ajin Iyaye, Garwa: Su 29 ne, 22 suka zauna. Bakwai ba su da takardar haihuwa.

Inna Ta Kusiri: To ka gani. Ranar walima waɗannan bakwai ɗin ina za su tsaya? Jikana haka aka yi masa. A gida aka haife shi, ba wanda ya je ofishin magajin gari a kan lokaci, da lokacin ya wuce kuma aka ce sai kotu ta yi hukunci. Sai likita ya kimanta shekarunsa, sai shaidu, sai tambura, jaka 35 na kashe, kuma takardar ta fito bayan an rufe karɓar sunaye. Ya maimaita aji ba don ya faɗi ba. Ranar jarrabawa ya sa rigar makaranta ya zauna a ƙofar gida har azahar.

Direban Figil: Jaka 35? Ni 12 na biya wa tawa.

Inna Ta Kusiri: Kai namiji ne kana da wanda ka sani a ciki.

Tsohon Malami, Gider: Wannan ciwo ya daɗe. Tun shekarar 2000 aka ce firamaren gwamnati kyauta ce, ana karɓar yaro a SIL ba a matsa wa takarda ba, sai ya kai CM2 a tuna da ita. Duk shekara sai na rasa yara masu ƙwaƙwalwa a nan. Akan yi zaman kotu na tafi-da-gidanka, alƙali ya zo gari a yi wa yara da yawa a rana ɗaya, ya fi sauƙi nesa. Amma sai makaranta ta tattara sunaye tun daga CE2 ta kai, ta yi ta bibiya.

Gwaggon Yara, Marwa: Takarda dai, takarda dai. Ita ta raba mu da makarantarmu.

Ummu Sadiya, Injamena: Nan ma haka ne. Nawa uku, biyu sai da suka girma aka yi musu. Na ƙaramar kuma an rubuta sunan uban ba daidai ba, Usmanu ya koma Usaini, shekara biyu muna yawo a kan harafi.

Abu Fatima: Ni ranar haihuwar ɗana aka canza, an mai da shi ya girmi yayarsa.

Ma'ajin Iyaye, Garwa: Yanzu na ɗauko rajistar CM1, aji biyar, na duba. Cikin 38, goma sha huɗu ba su da ita. Malam na Gider, sunayen wurin wa ake fara kaiwa, ofishin magajin gari ko kotu?

Inna Ta Kusiri: Duk inda za ka, ka tafi da hotunan yaran da katin shaidar iyayensu, kuma ka je da sassafe. Ni sau huɗu ana ce mini mai sa hannu ya fita.