Yaushe ne za a ce wa kufai na Zamanin Ƙarfe ne?

Ɗaliba mai rubuta rahoto: Malamai, ga tambaya. Idan aka yi tono a kufai aka sami kashin ƙarfe, wato dattin da ke saura bayan an narka tama ko an yi ƙira, tare da gatarin aradu, wato gatarin dutse na mutanen dā, a rami ɗaya, me za a rubuta, Zamanin Dutse ko Zamanin Ƙarfe?

Malamin tarihi: 'Yata, fara sanin asalin kalmar. Thomsen, wani mai kula da gidan tarihi a Denmak, shi ya kasa kayan dā gida uku, na dutse, na tagulla, na ƙarfe, aka buga tsarin a 1836. Da kayan Turai ya yi awonsa. A yawancin ƙasarmu babu zamanin tagulla a tsakani, daga dutse aka wuce ƙarfe. Kayan tagullar Igbo-Ukwu, a kudu maso gabashin Najeriya, ma na wajen ƙarni na 9 ko na 10 ne, ƙarfe ya daɗe da zuwa kafin su. Saboda haka kalmar Zamanin Ƙarfe, sana'ar mutanen wani wuri take nunawa, kuma shekarunta na sauyawa daga gari zuwa gari.

Mai aikin tono: Malam ya faɗi gaskiya. Ni kuma zan ce, ƙanwata, ki tabbatar kashin ƙarfe ne tukuna, don marmara na ruɗin sabon shiga. Ki fasa. Kashin ƙarfe cikinsa baƙi ne ko ruwan toka, da ƙananan ramuka na kumfa, bayansa kuma da alamar kwarara kamar kakin da ya daskare. Marmara ja ce har ciki, idan aka goga ta a dutse sai ta bar jan layi. Kada ki dogara da maganaɗisu kaɗai, wani kashin da ƙyar yake jansa.

Daga nan ki raba na narka tama da na ƙira. Inda aka narka tama za ki ga gindin tanderu a ƙone, da gutsattsarin bututun yumɓu da iska ke bi, bakinsa ya narke yana sheƙi saboda zafin da ya kai wajen digiri 1,200. Na maƙera kuwa dunƙule ne kamar tafin hannu, ƙasansa a kumbure, ga ɓarɓashin da ke tashi wurin dukan ƙarfe, wanda maganaɗisu ke kwashewa daga ƙasa. Tsinken ƙarfe guda ɗaya ba hujja ba ne, ana iya sayo shi, ko ramin gafiya ya gangaro da shi daga sama.

Mai auna shekaru: Gatarin aradun kada ya dame ki. Mutanen Nok, waɗanda suka rayu a tsakiyar Najeriya a zamanin dā, sun ci gaba da amfani da gatarin dutse bayan sun iya narka tama. Abin da ke ɓata rahoto shi ne gawayin da aka auna don gano shekarun wurin, wato awon kabon. Ki ɗauko wanda ya maƙale cikin kashin ko yake gindin tanderu, da cokalin tono mai tsabta, ki naɗe a takardar alminiyom, ki rubuta lambar rami da zurfi nan take. Ban da auduga ko takarda a jikinsa. Kuma icce irin ƙirya, wanda maƙera ke so, zuciyarsa na iya girmi wutar da ta ƙone shi da shekaru masu yawa, sai awo ya tsufar da tanderun. Ƙwayar gero da ta ƙone ta fi, don damina ɗaya ta rayu. Idan sakamako ya zo da haruffan BP a bayan adadin shekaru, daga 1950 ake ƙirgawa baya, kuma sai an daidaita shi kafin ya zama shekarar kalanda. Tsakanin 800 da 400 kafin Miladiyya awon kabon ba ya rarrabe shekaru sosai, kuma nan ne tanderun farko na Nok suka faɗa.

Mai kula da gidan tarihi: Wannan na ci mini tuwo a ƙwarya a kan allunan bayani. Tun da Bernard Fagg, wani Bature mai aikin tono, ya tono tanderu 13 a Taruga, wani kufai na mutanen Nok, a shekarun 1960, ake rubuta “Nok, Zamanin Ƙarfe” a kan komai. Alhali aikin Jami'ar Gote ta Farankfot a Jamus, wanda aka fara a 2005, ya nuna mutanen suna noman gero tun wajen 1500 kafin Miladiyya, gumakan yumɓu sun ɓullo wajen 900, ƙarfe ya biyo baya. Ashe ɗaruruwan shekarun farko na Nok babu tama a cikinsu.

Mai aikin tono: To ƙanwata, kowane hawa na ƙasa ki ba shi sunansa. Tudun Daima a Borno, mai tsayin kusan mita 11, hawayen ƙasansa kayan ƙashi da dutse ne, ƙarfe sai an hauro sama. Duba littafin tononki ki gaya mana, kashin da gatarin a hawa ɗaya suke, ko rami kawai suka haɗa?