Neman kalma: me za mu kira saikoloji da aikin kula da masu larurar hankali?

1/ Assalamu alaikum jama'a. Ina neman gudummawar masu Hausa a baki. Muna shirya ɗan bayani da Hausa saboda iyayen yaran da za su cike fam ɗin JAMB, mun zo kan kwasa-kwasan da ke kai ɗalibi ga aikin kula da masu ciwon damuwa, masu shaye-shaye da masu taɓin hankali. Abu biyu sun tsaya mana a wuya: saikoloji, da abin da Bature ke kira "mental and behavioural health". Yaya za mu faɗe su uba ya gane ba sai an yi masa dogon sharhi ba?

2/ Kafin a fara jefo kalmomi, a san abin da ake raɗa wa suna. Saikoloji digiri ne na shekara 4. Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashensa a Najeriya a 1964, a Arewa kuma Jami'ar Jos ta daɗe da shi. Ɗalibi zai karanta yadda yaro ke girma da koyo, yadda tunawa da mantuwa ke aiki, aikin jijiyoyi, cututtukan hankali, da gwaje-gwajen auna basira. Akwai ƙididdiga ma, kuma ba kaɗan ba, yaran da suka gudo daga lissafi nan suke tarar da shi yana jiransu. Wanda ya gama ba likita ba ne, ba ya rubuta magani. In yana son zama da marasa lafiya a asibiti, sai ya ƙara digiri na biyu a ɓangaren asibiti na fannin.

3/ Mai rubuta maganin hanyarsa daban: shekara 6 a karatun likita, shekarar horo a asibiti, bautar ƙasa, sannan shekarun ƙwarewa. Ga ma'aikaciyar jinya da ta ƙara karatu a kan wannan ɓangaren, ga ma'aikacin walwalar jama'a mai bin majiyyaci har gida. Duk suna haɗuwa a asibiti ɗaya na masu larurar hankali, a Barnawa ta Kaduna ko Kware ko Maiduguri ko Dawanau. Mu kuwa a waje mun haɗa su mun yi musu suna guda: likitan mahaukata. To wane uba ne zai biya kuɗin makaranta shekara 4 don a riƙa kiran 'yarsa haka a gidan biki? Wannan sunan ba ya cikin takara. Ko doka ta bar shi, domin a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbin ta 1958, wadda sunanta ma dokar hauka ne.

4/ Na farko da kowa zai kawo shi ne "ilimin halayyar ɗan Adam". Ya zauna a kunne, gidajen rediyo sun gama yi masa talla. Matsalarsa, da wannan sunan dai ake gabatar da malamin da ya karanta zamantakewa. Ka ji an ce ga masanin halayyar ɗan Adam, sai ya buɗe baki ka gane ashe talauci da yawan sakin aure yake nazari a matakin al'umma, bai taɓa zama da mutum ɗaya mai firgita ba. Sannan sunan ya kama abin da ake gani a zahiri, ya bar tunani a baya, alhali rabin karatun a kan tunanin yake.

5/ Na biyu "lafiyar ƙwaƙwalwa", shi ne ya fi yawo a labarai, musamman ranar 10 ga Oktoba, ranar da duniya ta ware wa wannan fannin. A nan zan ɗan daɗe. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce, tana da likitocinta: mai duba shanyewar ɓarin jiki, mai fasa kai ya cire ƙari. In an ce likitan ƙwaƙwalwa, wanne ake nufi? Ban da wannan, ku ɗauki mai jego, kwana arba'in ba su cika ba, ba ta barci ko da jaririn ya yi barci, an ajiye mata kunun kanwa ya huce ba ta taɓa ba, hawaye na zuba ba ta san dalili ba. Ka zauna kusa da ita ka ce "ƙwaƙwalwarki lafiya?", ai zagi ka yi. Ita da bakinta cewa za ta yi, "Wallahi hankalina ne ba a kwance ba," ko "raina ne a jagule."

6/ Shi ya sa ni "hankali" nake so. Ku duba faɗin da yake da shi a bakinmu: kwanciyar hankali, tashin hankali, hankalinsa ya rabu biyu, hankalinsa ya gushe, ya dawo cikin hankalinsa. Tun daga ɗalibin da fargabar jarrabawa ta hana shi cin abinci har zuwa wanda ke jin muryoyin da ba wanda ke ji, kalmar ta ɗauke su duka. "Lafiyar zuciya" da wata baiwar Allah ta kawo yana da daɗi, don mu a zuciya muke ajiye baƙin ciki, sai dai masu hawan jini sun riga mu.

7/ Wani likita ya yi mini gyara mai nauyi a ƙasan rubutun nan. Ya ce su da gangan suke cewa ƙwaƙwalwa, domin da zarar dangi sun ji sunan gaɓa sai su yarda ciwo ne na jiki mai magani, su rage zargin sammu da iska, su daina yawo da majiyyaci har sai abin ya ci ƙarfinsa. Likita, Allah ya ƙara sani, ban musa ba. A ɗakin duba marasa lafiya ku ci gaba da faɗa musu cewa ciwon daga ƙwaƙwalwa yake. Amma sunan fanni gaba ɗaya ba naku ba ne ku kaɗai. Matar da mijinta ya rasu ta kasa komawa daidai, ko yaron da ya ga an kashe mahaifinsa a gabansa a ƙauyen da 'yan bindiga suka shiga, sau da yawa abin da suke buƙata zama ne da wanda ya iya sauraro da jan magana, mako bayan mako. Wannan aikin ne yawancin ɗaliban da muke magana a kansu za su yi.

8/ Malaman Larabci sun kawo "ilmun nafsi". Malam, kalmar tana da asali, tun zamanin Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, malaman Musulunci ke rubutu a kan lafiyar jiki da ta nafsi a haɗe. Amma a kunnen Bahaushe nafsi ya karkata wajen son zuciya da nafsi-nafsin ranar Alƙiyama. Uba zai ɗauka wa'azi za a koya wa ɗansa.

9/ Saura rabi na biyu na sunan, wato "behavioural", kuma ya fi wuya. Dalilin da ya sa ake haɗa shi da na farko shi ne akwai larurorin da ke fitowa ta abin da mutum ya saba yi: shan kodin da taramol, caca a waya, rashin barci, ƙin shan maganin suga a kan lokaci. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda. Aiki kam ba zai yanke wa yaran nan ba.

10/ Mutane da yawa sun rubuto "gyaran hali". A'a. Tun 2019 da aka sauya wa hukumar gidajen yari suna, gidan gyaran hali kurkuku ne. Kuma da irin wannan sunan gidajen mari suke fakewa, kamar wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa a Satumban 2019 suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Shi kansa "hali" mun riga mun yanke masa hukunci, mun ce zanen dutse ne, alhali fannin nan kacokan a kan cewa ana iya sauyawa aka gina shi. "Ɗabi'a" ta fi sauƙin lanƙwasa. Muna cewa abu ya zame masa ɗabi'a, wato da ba haka yake ba, koya ya yi, kuma zai iya bari. Na san tana da ƙamshin tarbiyya, amma a cikin waɗanda aka kawo ita ce mai dama-dama.

11/ Ga abin da zan sa a takardar, sai in an kawo wanda ya fi shi. Fannin: lafiyar hankali da ɗabi'a. Kwas ɗin: ilimin tunani da ɗabi'a, amma zan bar saikoloji a gefensa, tunda shi yaro zai nema a fam. Wanda ya gama, masanin tunani da ɗabi'a. Mai rubuta magani, likitan hankali. Kalmar likita a bar wa mai ita, kada gobe wani ya rataye digirin shekara 4 a shago ya fara sayar da allura.

12/ Wani ƙanena a nan ya tambaya, to wanda ya karanta jagoranci da ba da shawara a tsangayar ilimi fa, kamar yadda ake yi a ABU Zariya, ko a ara kawai a ce masa kansila? Ƙanena, rufa mana asiri. Ka ce wa uwa 'yarta za ta zama kansila, gobe da safe 'yan unguwa sun cika zaure da takardun neman rijiyar burtsatse. "Mai nasiha" ma bai yi ba, don mai nasiha shi ke magana kai kana sauraro, wannan kuwa rabin aikinsa yin shiru ne har ka fito da abin da ke cinka. Na rubuta "mashawarci", an ce kunne zai tafi wajen mashawarcin gwamna. Don haka a makaranta za mu ce malamin shawara, a asibiti jami'in shawara.