Na canza modul ɗin ƙarfi a rediyon oba-oba, wat yana faɗuwa bayan daƙiƙa 20

Assalamu alaikum, malamai masu gyara. Rediyon oba-oba na mota ne, mai aiki a zangon mitar VHF, aka kawo shagona nan Maradi ba ya aika murya. Modul ɗin ƙarfi (ɓangaren da ke ƙara ƙarfin siginar da ake aikawa), RA30H1317M mai wat 30, ya ƙone, na sa sabo da aka kawo min daga Kano.

Na goge tsohon man sanyaya, na shafa sabo siriri, na ɗaure sukurori biyun bi da bi don kada farantin ciki ya tsage, sannan na liƙe ƙafafun da dalma. A kan lodin gwaji na om 50 (abin da ake haɗawa a madadin eriya), da wutar volt 13.8, yana fara bada wat 25. Bayan daƙiƙa 20 sai ya sauko wat 6, ƙarfen baya mai ɗauke zafi kuwa ko ɗumi bai yi sosai ba. Wannan ne ya ɗaure min kai. Wutar ƙafar Vgg, ƙafar da ake sarrafa ƙarfin modul ɗin da ita, tana hawa har kusan volt 5, wato da'irar APC, mai daidaita ƙarfin aikawa da kanta, na neman ƙari, modul ɗin bai bayarwa. Karɓar murya lafiya lau.

Diyod ɗin PIN na sauya eriya tsakanin aikawa da karɓa zan zarga, ko modul ɗin jabu ne? Don Allah wane awo zai raba su kafin in sake cire shi?