Da gaske jiragen Lancaster biyu ne kacal ke tashi yanzu?

Ɗan Fagge: Jama'a, jiya na kalli bidiyon Lancaster, jirgin Yaƙin Duniya na Biyu, yana tashi. Wallahi ƙarar injinansa sai da ta sa tsigar jikina ta tashi. Wai cikin 7,377 da aka ƙera, biyu ne kawai ke iya tashi?

Baba Makanike: Haka ne, ɗana. Ɗaya yana Coningsby a Ingila, ɗayan yana Hamilton a Kanada. A 2014 na Kanadan ya tsallaka teku, suka yi shawagi tare.

Yaya Binta: Baba, akwai wani a East Kirkby a Ingila, mai laƙabin Just Jane, ana ta gyaransa don ya sake tashi. Aiki ne ja. Injin Merlin huɗu gare shi, wasu sassan kuma sai an sake ƙera su da hannu.

Ɗan Fagge: Allah ya nuna mana tashinsa, Yaya.