Neman shawara: motar gado ƙirar Mercedes 280 SL, a sayar ko a riƙe?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi rayuwarsa yana fataucin goro tsakanin Kumasi da Kano, kuma cikin abin da ya bari akwai Mercedes-Benz 280 SL ƙirar 1969, mai kujera biyu da rufin ƙarfe da ake cirewa. A hannun wani ɗan kasuwar katako da zai bar ƙasar ya saye ta, ba ya hawanta sai Juma'a da ranar Sallah, kuma mahaifiyarmu takan ce har makullinta ba ya barin kowa ya taɓa. Mu magada ɗaki biyu ne. Wani dillali daga Accra ya taya dala 15,000, 'yan ɗaya ɗakin sun matsa a sallama a raba, ni kuwa ina so in ɗauki kuɗin da na tara don sayen fili in biya kowa kasonsa in riƙe ta. Na riga na sa an yi mata jan fenti domin farin ya dushe, kuma injin da ke cikinta yana tashi. Shin darajarta za ta ci gaba da hawa?

Alhaji na Abossey Okai: Wa alaikumus salam. Ƙanena, wannan ita ce wadda masu tara tsofaffin motoci ke kira Pagoda saboda lotsawar tsakiyar rufinta. An ƙera jerin daga 1963 zuwa 1971, guda 48,912 gaba ɗaya, kuma 23,885 daga ciki 280 SL ne, saboda haka tana da masoya amma ba ta yi ƙarancin da zai sa a saye ta ido rufe ba. Wadda aka gyara tsaf takan haura dala 100,000 a gwanjon Turai da Amurka, kuma dillalinka ya san haka sarai. Sai dai kalmarka ta "injin da ke cikinta" ta tsaya mini a rai. Nata ne na asali, mai silinda shida da famfon mai na Bosch, ko wani aka dasa? Mai sayen irin wannan mota lambar inji da ta bodi yake dubawa ya gwada da katin bayanan da kamfanin ya ajiye, har launin da ta fito da shi yana rubuce a ciki. Jan fentin nan rage mata kuɗi ya yi. Ka sa a ɗaga ta a duba tsatsa a ƙasan bodi da bayan fitilun gaba, kuma ka gaya mana ko sitiyarinta a dama yake, tunda sai a 1974 Ghana ta koma tuƙi a gefen dama na titi.

Ɗan Aboabo: Alhaji, ba don kasuwa na yi fentin ba, don kada ta ruɓe ne, kuma duk wanda ya gan ta yanzu sai ya yaba. Injin kuwa Baba ne da kansa ya sa aka canza da na wata Marsandi lokacin da kayan gyara suka yi wuya, kuma wannan ɗin ya fi shan mai kaɗan.

Hajiya daga Nima: Ɗana, sayar da ita tun kuna shiri da 'yan'uwanka. Maigidana ya bar tsohuwar mota, ƙannensa suka ce a jira ta yi daraja, aka kai ta wurin wani makaniki, yau fitila ta ɓace, gobe kujera, har aka wayi gari sai gangar jiki a kan duwatsu. Ni da yarana ko sisi ba mu gani ba, kuma har yau ba wanda ya zo ya ce mini sannu. Fili ba ya tsatsa.

Malami a Asawase: Hajiya, Allah ya saka miki. Amma ni ina ganin ajiyar da ake yi wa kuɗi da dala ta fi tsaro, domin wanda ya riƙe sidi, kuɗin Ghana, a 2022, shekarar da hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin ɗari, ya ji a jikinsa. A shekarar ce kuma aka sayar da wata Marsandi 300 SLR Uhlenhaut Coupé a kan yuro miliyan 135. Abin da nake jan hankalinka a kai shi ne haƙƙi: idan ka san kuɗinta ya fi abin da aka taya, bai halatta ka biya magada bisa tayin dillali ba.

Alhaji na Abossey Okai: Malam, waccan guda biyu kacal aka ƙera, ba ta da alaƙa da tasa sai tambarin tauraro. Kasuwar irin waɗannan motoci ta hau sosai har wajen 2015, ta lafa, ta sake zabura bayan korona, yanzu kuma ta yi sanyi, kuma marasa cikakken asali ne suka fi faɗuwa. Mota ba ta kawo haya, ci take yi: gareji mara laima, taya, da kayan gyara daga Jamus da yuro. A Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, akwai gwanayen walda da inji, amma gyaran da mai tara motoci zai yarda da shi yakan cinye fiye da ribar da ake hange. Kuma mai sayenta na gaskiya ba ya Kumasi, sai an ɗora ta a kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Tema, a biya jirgi da inshora da ladan masu gwanjo. Tambaya ɗaya ce ta rage: ina tsohon injin?

Ɗan Aboabo: Ina jin yana gidan kawunmu a Tamale, amma ba ma magana da shi tun ranar sadakar arba'in. Malam, ni ba cutar kowa zan yi ba, su ne suka yarda da tayin tun kafin in buɗe baki, kuma kuɗin fentin ma daga aljihuna ya fito. Dillalin ya ce ranar Litinin zai dawo da motar da za ta ja ta.

Hajiya daga Nima: To, da sunan wa takardun motar suke?